Ranar da Ɗana Ya Tambaye Ni Zancen Tumai

Wata ranar Laraba da yamma ina zaune a ƙofar gidanmu a unguwar Abena, nan Njamena, ina shirya darasin Makarantar Lahadi, sai ɗana na fari ya dawo daga makaranta. Ya gaishe ni, ya zauna a gefen tabarma, ya ce, "Baba, malaminmu ya ce Tumai kakanmu ne, kuma mu da birai dangi ɗaya ne. To, ina Adamu?"

Raina ya ɓaci. Na daka masa tsawa, na ce kada in ƙara jin wannan magana a gidana. Yaron ya yi shiru, ya tashi. Daga ran nan bai sāke yi mini wata tambaya ba, ko a kan makaranta ko a kan Littafi Mai Tsarki. A lokacin addu'ar safe yakan sunkuyar da kai kawai. Mahaifiyarsa ce ta ce mini, "Maigida, bakinsa ka rufe, tambayar tana nan a zuciyarsa." Gaskiya ta faɗa. Tsoro ne ya sa na yi tsawa, gama ba ni da amsa.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Sai na kama hannun yaron wata Asabar, muka tafi gidan adana kayan tarihi na ƙasa, inda aka ajiye kwafin ƙoƙon kan Tumai. Ƙarami ne, ya kuma ɗan lanƙwashe. A ranar 19 ga Yuli, 2001 ne wani ɗan Chadi mai suna Ahounta Djimdoumalbaye ya tsince shi a Toros-Menalla, cikin hamadar Jurab a arewa, yana aiki da ƙungiyar masana 'yan Chadi da Faransa wadda Michel Brunet yake jagoranta. Sun ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7. Sunan kuwa daga harshen Gorane ne, ma'anarsa begen rai. A kusa da shi an sami ƙasusuwan kifi da kada da dorina, shaidar cewa akwai ruwa a wurin da yau sai rairayi.

A can na gane cewa masana ba su ce birin da ke ɓarna a gona ya haife mu ba. Abin da suke cewa shi ne, mutum yana cikin dabbobi masu shayar da 'ya'yansu nono, kuma a cikinsu ya fi kusa da manyan birai, musamman cimfanzi, wanda suka ce kakanmu da nasa ɗaya ne tun can da daɗewa. Ƙwaƙwalwar Tumai ba ta fi ta cimfanzi girma ba. Amma fiƙoƙinsa ƙanana ne, kuma ramin da lakar baya take shiga kai yana ta ƙasa, abin da ya sa waɗanda suka gano shi suka ce da ƙafa biyu yake tafiya. Waɗansu masana ba su yarda ba, har yau ana muhawara a kai. Wannan ma ya koya mini abu: su kansu suna tambaya, ba sa jin kunya.

A hanyar komawa gida na tuna da abin da na sani tun ina yaro. Duk wanda ya taɓa fiɗar akuya ya ga zuciya da huhu da hanta irin namu. Ƙasusuwan wuyan mutum 7 ne, na raƙumin dawa ma 7. Na kuma tuna cewa Littafin Farawa bai ɓoye ƙasƙancin asalinmu ba. Sura ta 2 ta nuna daga ƙasa aka yi mutum, daga ƙasa kuma aka yi dabbobi. Ashe ni da na ji haushin a haɗa ni da biri, ban taɓa jin haushin a haɗa ni da turɓaya ba. Girmankai ne, ba bangaskiya ba.

Ban ce na warware kome da kome ba. A ikkilisiyarmu akwai dattawa masu tsoron Allah da suke riƙe da cewa kwanaki shida na halitta irin kwanakinmu ne. Akwai kuma masu bi da suke ganin Allah ya yi aikinsa a hankali cikin shekaru masu yawa. Dukanmu muna cin Jibin Ubangiji a tebur ɗaya. Abin da na faɗa wa ɗana a daren nan shi ne, ƙashi yana iya nuna yadda jiki ya zo, amma ba zai faɗi dalilin da ya sa Allah ya ƙaunace mu har ya aiko Almasihu ba. Sa'an nan na roƙe shi gafara saboda tsawar da na yi masa.

Ya ɗan'uwa mai karatu, idan ɗanka ya kawo maka irin wannan tambaya, kada ka kore shi. In ka rufe masa ƙofa, zai kai tambayarsa wani wuri, ya zaci bangaskiyarmu tana tsoron gaskiya. Ka zauna da shi, ku bincika tare, ku yi addu'a tare. Nawa ɗan ya koma yi mini tambayoyi, waɗansu ma sun fi ƙarfina. Ina yi wa Ubangiji godiya saboda kowace ɗaya.