Sanyin Brussels da Gardamar Lamba Uku

Duk shekara, a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, dubban masu rubuta manhajar da kowa ke da 'yancin dubawa da gyarawa kan yi dafifi a jami'ar ULB da ke Brussels, babban birnin Beljiyam, domin taron FOSDEM. Babu kuɗin shiga, babu rajista. Ga sanyi ga yayyafi, ɗakunan lacca kuma kan cika maƙil har a manna takarda a ƙofa cewa babu sauran wuri. Saboda haka rabin ilimin a baranda ake samunsa.

A can na tarar da wani matashi zaune a ƙasa, kwamfuta a cinya, ransa a ɓace. Manhajar sshd, wadda ake shiga sabar daga nesa da ita, ta ƙi tashi tun da ya sake kunna injin. Wani dattijo mai furfura ya leƙo, ya ɗora yatsa a kan allon, wurin da aka rubuta /run/sshd. Foldar ce babu.

Dalilin shi ne, tun 2011 manyan rassan Linux suka koma ajiye irin waɗannan foldodi a /run, wanda ke zaune cikin RAM. Da an kashe wuta, komai ya shafe. Dole wani abu ya sake ƙirƙiro foldar a kowane tashi, ya kuma faɗi mai ita da wanda aka yarda ya taɓa ta.

Matashin ya ƙirƙiro ta da mkdir, ya buga chmod 777. Dattijon ya girgiza kai. A lissafin Unix, karantawa 4 ce, rubutawa 2, shiga 1. Lambar farko ta mai folda ce, ta biyu ta ƙungiyarsa, ta uku ta kowa da kowa. Idan aka haɗa ukun sai a samu 7, wato 777 tamkar barin shago ne a buɗe ka tafi masallaci. Ita ma sshd ba ta yarda ba: sai foldar ta zama mallakar root, wato babban mai iko da injin, kuma babu mai rubutu a ciki sai shi. Da aka mayar da ita 755, nan take ta tashi.

Daga nan fa gardama ta kaure tsakanin mutanen da ke wurin. Wasu suna goyon bayan tsohon rubutun /etc/init.d, inda kowa ke ganin mkdir da chmod da idonsa. Wasu kuma suna bayan systemd, wanda Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da shi a 2010, inda layin RuntimeDirectory ke ɗauke wannan aiki. Debian, ɗaya daga rassan Linux, ta rungume shi a 2015, waɗanda suka ƙi kuwa suka ɓalle suka kafa Devuan.

Na lura duk zafin muhawarar, a kan wanda zai rubuta lambar ake yin ta. Babu ko ɗaya daga ɓangarorin da ya kare 777.