Baƙin Da Bai Yi Baƙi Ba

A watan Janairun 2024 talabijin ɗin falonmu ya mutu. Wata rana da magariba aka kawo wuta da ƙarfin da ya wuce kima, sai muka ji tas! ƙauri ya cika ɗakin. Ya tafi da cajar waya biyu da ƙwan fitilar tsakar gida. Mai gyaran unguwarmu ya kwance bayansa, ya leƙa, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan sai dai haƙuri." Shekara goma sha ɗaya yana yi mana hidima, don haka ban ga laifinsa ba.

Lokacin da ya zaɓa ya mutu ne ya ƙona min rai. Ana tsakiyar gasar cin kofin Afirka a Kwaddebuwa. Wasan ƙarshe na ranar 11 ga Fabrairu a gidan kallo na gan shi, a kan benci, tsakiyar yara sa'annin ɗana. Troost-Ekong ya ci mana da ka muka yi ta ihu, Kessié ya farke, Haller ya ƙara, aka tashi 2-1. Na dawo gida da baƙin ciki biyu, na ƙwallo da na benci, na kuma yi alwashin cewa talabijin ɗin da zan saya sai an zo kallonsa daga wata unguwa.

Amma ba ni kaɗai ke da falon ba. Tun rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, Hajiya take zaune tare da mu. Idan ta idar da walaha sai ta shimfiɗa dardumarta a gaban talabijin, a kamo mata tashar nan ta Saudiyya mai nuna Harami dare da rana. Da daddare kuma su haɗu da jikoki a kan Daɗin Kowa ko Kwana Casa'in na Arewa24. Da abin ya ƙone ba ta ce uffan ba. Sai dai kullum in fito in tarar da ita a wurin da ta saba zama, tana jan carbi, fuskarta na kallon bangon da ba komai a jikinsa sai ƙarfen rataya. Ga azumi ya ƙarato, kowa kuwa a gidan ya san tarawihin Makka shi ne abincin daren Hajiya.

Na haɗa kwasar adashin ofis da ɗan abin da na daɗe ina ɓoyewa, na nufi Titin Beirut.

Mai karatu, ka san mu nan duk talabijin mai faɗi da ake mannawa a bango filasma muke ce masa. To ashe filasma ta gaskiya tun 2014 manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung da LG suka daina yin ta. Yaron shagon ne ya fara gyara min wannan, cikin ladabi. Ya ce abin da ke kasuwa yanzu iri biyu ne. Ya nuna min jerin da ya cika bango guda, ya ce duk waɗannan LCD ne, har waɗanda aka rubuta wa LED ko QLED a kwali. Sannan ya ja ni can ƙuryar shagon, inda aka kafe guda ɗaya shi kaɗai kamar ango, ya ce, "Yallaɓai, wannan kuma OLED ne." Ya miƙa hannu ya kashe fitilar wajen.

Wallahi sai da na ja da baya. Wani birni ake nunawa da daddare, an harba wutar wasa sama. Inda yake duhu a hoton, duhu ne na gaske, har ba ka iya gane inda allon ya ƙare da inda bangon ya fara. Wutar kuwa kamar ka miƙa hannu ta ƙone ka. Na zagaya ta gefe, launin bai sauya ba. Na leƙa kaurinsa, ta sama bai kai wayar da ke aljihuna ba. Da na waiwaya na dubi na farkon nan, mai inci 55 kamarsa, wanda ɗazu-ɗazu ya burge ni, sai na ga sararin samaniyarsa toka-toka, kamar baƙar rigar da ta sha wanki.

Na tambayi kuɗi. Na bangon bai kai naira rabin miliyan ba. Angon kuwa ya haura miliyan ɗaya da rabi. Mai shagon da kansa ya taso ya ce min in zan saya in saya, farashin yau ba shi ne na gobe ba. Kuma ba ƙarya ya yi ba, domin a watan ne dala ta tsallake naira 1,500, alhali a farkon 2023 ba ta kai 500 ba a farashin gwamnati. Abin da ke hannuna zai sayi OLED ɗin, amma fa zai tafi da shi kaf, ko kuɗin stabilaiza ba zai rage ba.

Kwana huɗu na yi ina karance-karance a waya har tsakar dare. Abin da na fahimta shi ne, LCD ba ya haske da kansa. Fitilu ne a bayansa suke ci koyaushe, a gabansu kuma akwai wani shimfiɗi da ke buɗewa da rufewa, kamar a kunna fitila a bayan asabari. Duk yadda ka ja asabarin nan sai haske ya tsiyayo, shi ya sa baƙinsa ba ya cika baƙi. Shi kuwa OLED kowane ɗigo na allon fitilar kansa ce. Allon da ake kira 4K yana da ɗigo 3,840 a kwance, 2,160 a tsaye, wato sama da miliyan takwas, kuma kowanne yana iya mutuwa shi kaɗai ya bar maƙwabcinsa yana ci. Ka ɗauka filin Idi ne da daddare kowa riƙe da tocilan ɗinsa, wanda aka ce ya kashe ya kashe. Kamfanin Sony ne ya fara fito da talabijin irin wannan a 2007, ɗan mitsitsi mai inci 11, sai a 2013 LG ya kawo mai inci 55 kasuwa.

Na kuma karanto abin da yaron shagon bai faɗa min ba. Waɗannan ƙananan fitilu suna tsufa gwargwadon aikin da kowacce ta yi. Idan abu ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya, kamar tambarin tasha a kusurwa ko ɗan akwatin da ke nuna ci nawa aka yi a ƙwallo, wata rana zai iya barin inuwarsa a allon har abada. Na yanzu an yi musu dabaru, suna ɗan gusar da hoton, suna rage hasken tambari, kuma idan ka kashe da rimot bayan awanni na kallo sai ya tsaya yana gyara kansa a ɓoye. Sharaɗin kawai kada a yanke masa wuta. Da na zo nan sai da na yi dariya ni kaɗai. A gidanmu wa yake kashe talabijin da rimot? Ɗauke wuta ce take kashe mana shi.

Uwargida ba ta karanta komai ba, amma tambayoyinta sun fi nawa kaifi. Ta ce wannan hoton birnin da ya ruɗe ka, a wace tasha ake nuna shi? Na ce a filashi suka sa. Ta ce to mu da rabin tashoshinmu dishi-dishi suke zuwa, shi zai wanke su? Na yi shiru. Ta ce falon da rana take shigowa ta taga biyu tun hantsi har la'asar, yaushe za ka ga wannan baƙin da kake ta yabo? Ta ƙara da cewa autanmu ya taɓa jifan tsohon da kofin silba bai fashe ba, shi wannan siririn fa?

Duk na san gaskiya ta faɗa. Tashar Hajiya kaɗai, mai tambari a kusurwa awa shida ko bakwai kullum, ta isa hujja. Amma zuciya ba ta jin lissafi. In faɗa maka tsakani da Allah, ba don ƙwallo kaɗai nake son sa ba. Ina hango ranar Sallah ne, abokai sun shigo gaisuwa, ɗaya ya tsaya cak ya ce kai, wannan fa? Ni kuma in ce a'a, ɗan wani abu ne na samu. Ban taɓa mallakar abin da ya fi na kowa ba a cikin sa'annina, na ga kamar wannan ce damata.

Sai na ƙulla wata dabara, wadda har yau ina jin kunyarta. Na ce bari in sa Hajiya ta zaɓa da kanta. Na tabbata duk mai ido idan ya ga biyun nan a jere, OLED zai nuna. In ta nuna shi kuwa, shike nan, ba son zuciyata ba ne, biyayya ce.

Ranar wata Asabar na ɗauko ta daga gidan suna a Fagge, na ce mu ɗan biya ta ga wani abu. Da ƙyar ta yarda ta fito daga mota. Aka ba ta kujera, na roƙi yaron ya nemo hoton Harami ya sa a duka biyun, ya kuma kashe fitila. Masha Allah. A jikin OLED ɗin rigar Ka'aba ta fito baƙa wuluk, zaren zinaren nan yana walƙiya, farin daɓen kamar madara. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi.

Na ce, "Hajiya, wanne ya fi miki?"

Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta daɗe. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai wannan, ai duk ɗaya ne. Sai dai ka ce musu su goge gilashin, hazon nan ya ɓata su duka. Ko can Makkan ne ake hazo?"

Yaron shagon ya dube ni, na dube shi. Babu ƙura ko ɗigo a jikin allunan nan.

Na durƙusa a gabanta na ce ta karanta min lambar da ke manne a kusurwar allon, 55, kowane baƙi ya kai tafin hannu. Ta ƙanƙance ido, ta karkata kai, ta ce ita dai tana ganin wani abu ja. Nan take abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya. Yadda ta daina zura zare a allura sai ta kira jika. Yadda ta ajiye Alƙur'aninta mai manyan baƙi ta koma sauraro kawai, muka ce ai tsufa ne. Yadda take matsar da dardumarta gaba kaɗan-kaɗan har ta kusa taɓa tsohon talabijin ɗin. A gida ɗaya muke kwana, kullum sai na gaishe ta safe da yamma, amma na ƙare kwana huɗu ina nazarin baƙin allo ban taɓa duban cikin idon mahaifiyata ba. Da na haska da fitilar waya sai ga shi, tsakiyar ƙwayar ya yi fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa.

A mota na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce, "Da wanne za ka ji? Ga kuɗin makaranta, ga tsadar masara." Daga nan ba wanda ya sake magana har gida.

Ranar Litinin muka je asibitin ido. Likita ya ce yana ce, a duka biyun, ta dama ta fi nuna. Ya yi mana bayani cewa akwai wani ɗan gilashi a cikin ido wanda shekaru ke sa shi ya dushe, babu maganin ɗigawa da ke wanke shi, sai dai a cire a sa na roba. Aikin ba ya kai awa guda, ba a ma sa mutum barci, kashe wurin kawai ake yi. Ya ce yana ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, alhali tana cikin waɗanda aka fi iya gyarawa. Hajiya ta ce ita ba za a taɓa mata ido da azumi a gaba ba, sai bayan Sallah. Likita ya yi murmushi ya ce to, Hajiya, an ba ki.

Na koma Titin Beirut ni kaɗai. Ban ko kalli ƙuryar nan ba, don na san halina. Na ɗauki LCD mai inci 55, na haɗa da stabilaiza da na'urar da ke tare wuta in ta zo da hauka. Mai shagon ya ce, "Alhaji, an fasa babban ke nan?" Na ce an fasa. Da aka fara azumi ranar 11 ga Maris, Hajiya ta yi tarawihinta a gabansa, tana jin karatun, tana ganin abin da ta iya gani.

Bayan Sallah aka yi idon dama, bayan wasu makonni aka yi na hagu. Ranar da aka cire bandejin farko, abin da ta fara cewa shi ne ashe mayafin da take sawa shuɗi ne, ita duk a zatonta toka-toka ne. Da muka iso gida ta tsaya a ƙofar falo ta ce wa uwargida labulen nan yaushe rabonsa da wanki. Jikoki kuwa sun shiga uku, ba mai sake wucewa da dattin wuya.

Ina son OLED har gobe, ba zan ɓoye ba. Duk sanda na bi ta gaban shagon sai na rage tafiya. Ranar Sallar da na yi ta hange ta zo ta wuce, abokai sun shigo sun ci tuwo, ba wanda ya ce komai game da abin da ke bango.

Wani dare bayan an gama ido na biyu, na fito shan ruwa wajen ƙarfe uku, na tarar da ita zaune a falo, fitila a kashe, ana ta ɗawafi a allon. Dardumar ta koma baya, can wurin da take shimfiɗa ta shekarun da. Na tsaya a bayanta ina kallo. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Kai wannan."

Na ce, "Na'am, Hajiya."

Ta ce, "Ni fa na je na gani da idona, rigar Ka'aba baƙa ce ƙirin. Wannan abin naka ya mayar da ita toka-toka. Ba su da wanda ya fi shi ne a shagon?"