Takardar Gwaji Ba Ta Jin Hausa



A Birnin Gwari, kamar sauran garuruwanmu, gwajin jini kafin aure ya zama ruwan dare. Waliyyai da yawa ba sa ɗaura aure sai sun ga takarda. A Kano ma abin ya zama doka tun watan Mayun 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da na sikila kafin aure. Wannan ci gaba ne, ba mu da ja. Abin da ke damunmu shi ne abin da ke biyo bayan miƙo takardar.

Da Turanci take zuwa, kalma ɗaya ko biyu. Mai gwaji ga layi a gabansa, sai ya ce "akwai" ko "babu", ya kira na gaba. Mutumin da ya taso tun daga Dogon Dawa ko Kuyello ko Randagi ya ninke takarda ya sa aljihu, ya nemi wani ɗan boko ya karanta masa. Kafin la'asar zance ya isa gidan surukai. Mun ga auren da aka fasa a kan haka, mun ga yarinyar da aka ware wa kwano a gidan ubanta, alhali babu wanda ya zaunar da su ya faɗa musu abin da kalmar take nufi.

To me take nufi? "Akwai" a gwajin farko na ƙanjamau ba tabbaci ba ne tukuna. Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar, wato mutum 14 cikin 1,000. A ce ɗan tsinken gwajin yana kuskure sau ɗaya kawai cikin 100. Idan an gwada mutum 1,000, zai kama waɗancan 14, amma zai haɗa da kusan mutum 10 daga cikin 986 da lafiyarsu ƙalau. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a maimaita da wani nau'in tsinke daban. A 2019 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sai gwaji uku a jere sun nuna akwai kafin a tabbatar wa mutum.

Ita ma "babu" tana da sharaɗinta. Tsinken yana neman alamar da jiki ke fitarwa ne bayan ƙwayar cutar ta shiga, kuma wannan alamar kan iya ɗaukar har wata uku kafin ta bayyana. Wanda ya kamu makon jiya zai iya fitowa da takarda fes.

Ciwon hanta nau'in B ya fi ƙanjamau yawa nesa ba kusa ba, domin wancan binciken ya samu kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi. Amma mafi yawan waɗanda suka kamu da girmansu jikinsu kan kore shi da kansa, don haka ake sake gwaji bayan wata shida. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci kwano ɗaya. Akwai allurar rigakafi ga miji ko mata, kuma jariri ana yi masa tasa cikin awa 24 da haihuwa. Shi ma mai ƙanjamau, in ya riƙe magani har ƙwayar ta kwanta a jininsa, ba ya shafa wa matarsa. Duk wannan bayani bai wuce na minti biyar ba, amma rashinsa ya rusa gidaje.

Me ya sa abin ya fi mana ciwo a nan? Domin "ka dawo bayan wata uku" magana ce mai sauƙi a cikin Kaduna, amma mai nauyi ga wanda ke zaune a bakin dajin Kamuku. Mun yi shekaru hanyar Kaduna ta Buruku ba ta biyuwa sai da rakiyar jami'an tsaro. Tun sulhun ƙarshen 2024 an ɗan samu sa'ida, amma kuɗin mashin da fargaba ba su ƙare ba. Sau da yawa zuwan farko shi ne na ƙarshe. Abin da mutum ya ji ran nan, da shi zai rayu, a kansa zai yi aure ko ya fasa.

Ba ma'aikatan lafiya muke tuhuma ba. Waɗanda suka daure suka zauna da mu a lokacin da zama ya yi wuya sun cancanci addu'a. Roƙonmu gare su kawai, a faɗa wa mutum sakamakonsa shi kaɗai, da harshen da yake ji, a kuma sa shi ya maimaita abin da ya fahimta kafin ya tashi. Magana zarar bunu ce, sirrin da ya fita daga ɗakin gwaji ba ya komawa.

Sai mu marubuta. A littattafanmu na WhatsApp da Facebook, likita kan shigo ya cire tabarau ya ce "sai haƙuri," jaruma ta yanke jiki ta faɗi, shi ke nan an gama da ita. Sau da yawa ma cutar sakayya ce da muke aika wa muguwar kishiya ko mayaudarin saurayi. Masu karanta mu sun fi masu sauraren likita yawa, kuma daga wurinmu suke koyon cewa takarda ɗaya ita ce ƙarshen rayuwa.

Mu gwada rubuta wani labarin. Jarumar da za ta share hawaye ta ce, "Likita, gwaji nawa aka yi? An tabbatar da na biyu? Yaushe zan dawo? Wa zai ga wannan takarda bayan ni?" Waliyyin da zai ce a ɗaga biki wata uku maimakon a fasa. Kafin mu rubuta babin asibiti, mu je mu tambayi nas ko mai gwaji, mu kuma nemo wa abin da suka faɗa Hausar da tsohuwa a Damari za ta gane. Matambayi ba ya ɓata.

Wa zai fara kawo mana irin wannan gajeren labarin mako mai zuwa? Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, amin.