Yaron da Ke Yi wa Gida Tafinta

Daga cikin baƙin da suka zauna a biranen Amurka akwai mutanen Latin Amurka, wato waɗanda suka fito daga ƙasashe irin su Meziko da Gwatamala da Honduras, masu magana da Sifaniyanci. 'Ya'yansu sukan riga su kama Turanci, saboda haka sai a tarar ɗan shekara 12 shi ne tafintan gida. Shi ke karanta takardar mai gidan haya, shi ke tsayawa tsakanin mahaifiyarsa da likita. Wasu yaran sun keto hamada kafin su iso, wasu kuma an raba su da iyayensu a bakin iyaka a 2018. To, in shi tafintan ne ƙuncin rai ya kama, da wane harshe zai faɗa, kuma wa zai saurare shi?

Haƙiƙa lamarin ya shafi kalmomi ƙwarai. A irin waɗannan gidaje ba mai yarda a kira ɗansa "loco", wato mahaukaci, don haka zancen ganin likitan ƙwaƙwalwa yakan mutu tun a bakin ƙofa. Amma uwa ba ta jin nauyin cewa ɗanta na fama da "nervios", wato rashin natsuwa da fargaba, ko "susto", razanar da suke ganin tana raba mutum da kurwarsa. Tun 1994 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya ambaci waɗannan kalmomi, sai dai shiga littafi daban, shiga kunnen likita daban. Wanda bai san su ba yakan rubuta maganin ciwon kai ya sallami yaro.

Bayan harshe akwai tsadar magani, da tsoron a tambayi takardun zama. Jihar Kalifoniya ta sassauta wannan a 2016, da ta shigar da yara marasa takardu cikin inshorar lafiyar talakawa. An kuma buɗe lambar waya ta 988 a 2022, wadda ake amsawa har da Sifaniyanci, ko da yake yaron da ke kwana ɗaki ɗaya da iyayensa ba shi da inda zai keɓe ya kira.

Makaranta ta fi waɗannan sauƙin kaiwa. A 1982 Kotun Ƙolin Amurka, cikin wata ƙara daga Jihar Tezas, ta hana korar yaro daga makarantar gwamnati don rashin takardu. Ke nan mai ba da shawara da ke jin Sifaniyanci, in an ajiye shi kusa da aji, yaro zai iya samunsa lokacin tara, ba kuɗin mota, ba kuma sai mahaifinsa ya bar aikin yini ya rako shi ba.