Yaro da salula: wasa ne ko karatu?

Ni malamin lakkwal ne a wani kwaleji na jihar Maraɗi. Iyaye da yawa suna tare ni da tambaya guda: «Mushe, yaron nan kullum kuɗin kiredi yake nema, wai zai yi bincike cikin intanet. Gaskiya ne, ko wasa yake?» Ba ni ganin laifinsu. Kuɗin nan daga rumbu yake fitowa, ko daga akuyar da anka sayar ran kasuwa. To, bari in gaya muku abin da muke koya wa yaran, don ku san abin da kuke biya.

Intanet kamar babbar kasuwa ce wadda ba ta watsewa. Akwai mai kayan ƙwarai, akwai mai algus, akwai ɗan tallan da ke warkar da cuta ɗari da kwalba guda. Google, wanda anka kafa a Amurka a 1998, shi ne dillalin kasuwar. Ka rubuta mashi abin da kake nema, ya jero maka rumfuna. Amma dillali ba ya rantse maka cewa kayan suna da kyau. Wani lokaci ma na farkon layi kuɗi ya biya anka sa shi can.

Aikin farko da nake ba ƴan ajina shi ne su nemo farashin gero. Su ce ai wannan mai sauƙi ne. Sai wasu su dawo mini da lissafi cikin naira. Dommi? Don a Najeriya akwai jiha mai suna Niger, babban birninta Minna, kuma injin yana haɗa ta da ƙasarmu in ba a kula ba. Nan nake nuna musu wutsiyar adireshi. Mai ƙarewa da .ne na Nijar ne, mai ƙarewa da .ng na Najeriya ne. Na ma'aikatun gwamnati yakan ƙare da gouv.ne. Bayan haka su dubi kwanan wata. Farashin kaka ba shi ne na bazara ba, wannan kun fi ni sani. Yaro kuwa in ya ga lamba cikin waya sai ya ɗauka ta yau ce, ko da ta shekara biyar tana kwance can.

Abin da ya fi ba su wuya shi ne suna. Wata yarinya ta ce murzuna ta ɓata geron babanta, tana so ta san maganinta. Ta rubuta «murzuna», abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Ba don masana ba su san tsutsar ba. Sun san ta ƙwarai, sai dai da Faransanci da Ingilishi sunka yi yawancin rubutunsu. Munka nemi sunanta na Faransanci, chenille mineuse de l'épi de mil. Daga nan munka samu sunan da masana na duniya duka ke kiranta da shi, Heliocheilus albipunctella. Sunan yana karya harshe, amma shi ya buɗe ƙofa. Sai ga takardun INRAN, ma'aikatar binciken noma da anka kafa a 1975, ga kuma na RECA, ƙungiyar majalisun manoma.

Ga abin da yarinyar ta karanto. Wani malam-buɗe-littafi na dare ne ke saka ƙwai bisa zangarniya lokacin da take fitowa. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta bi zangarniya tana ci tana kewayawa. In ta ƙoshi ta sauka cikin ƙasa, ta kwana can duk rani har damana ta dawo. Tana da maƙiyi, wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, Habrobracon hebetor. Ana kiwon shi, a sa shi cikin ƙananan buhunan algarara, a rataya kusa da gonaki. Ya fito ya harbi tsutsa, ya saka ƙwansa bisa jikinta, ƴaƴansa su cinye ta. Yarinyar ta rubuta wannan da Hausa cikin kaye ɗinta, ta karanta wa babanta. Shi kuma ya gaya mata gonar da tsutsar ta fara kamawa da irin da anka shuka can, abin da babu shi cikin waya. Na ce su tafi su biyu wurin malamin gona.

A nan ina da doka guda wadda ba ni sassautawa. Awon maganin feshi da na allurar dabba ba a ɗauko shi daga bidiyo. Mai maganar wataƙila wata ƙasa yake, da wani magani mai ƙarfi daban. Yaro ya karanta ya fahimci cutar, amma awo sai malamin gona ko likitan dabbobi.

Sai kuma saƙonnin WhatsApp, waɗanda ku ma kuna samu. Tun 2018 saƙon da anka turo daga wani wuri yana ɗauke da ƴar kibiya a samansa. In kibiya biyu ce, ya bi hannu da yawa kafin ya iso gare ka. A 2020 fara ta afka wa Kenya da Habasha da Somaliya, anka ɗauki hotuna barjat. Irin hoton nan yana iya dawowa bana a ce Tanut ne, mutum ya firgita ya karyar da dabbarsa don ya sayi hatsi. Yarana sun koyi saka hoto cikin Google Lens, ya nuna musu wuraren da ya taɓa fitowa, su dubi shekara.

Wikipedia, wadda anka fara a 2001, tana da sashen Hausa. Kowa yana iya rubutu cikinta, don haka nake ce musu su gangara ƙasan shafi su ga inda mai rubutun ya samo zancensa. Google yana fassara Hausa tun 2013, amma yakan yi kwaɓa. ChatGPT, da ya fito ƙarshen 2022, bakinsa zaƙi gare shi, kuma yana iya ƙago sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba. A ajina wanda ya kawo amsa sai ya faɗi wa ya rubuta ta, kuma wace shekara. Wanda ya kwafo kawai bai da maki.

Wayoyin ba su isa ba. Yara biyar ko shida kan taru kan guda, kuma in ban sa ido ba maza ke riƙe ta, ƴan mata suna leƙe daga baya. Shi ya sa nake ba su ita bi da bi.

To, ran da yaronka ya nemi kuɗin kiredi, ka ce in ya gama ya zo ya karanta maka abin da ya samo, ka tambaye shi wa ya faɗa. Wata mai zuwa aikin ajinmu kan cututtukan awaki da tumaki ne. Na ce kowa ya fara zuwa wurin makiyayi ya tambayo sunan cutar da alamunta kafin ya taɓa waya. In sun zo muku, don Allah ku ba su lokaci.