Ruwan da ke kan hanya

Mun shiga Adbent, makonni huɗu na jiran zuwan Mai Ceto, amma hankalin da yawa daga cikinmu yana kan gulbi. Ni ma haka. A 2020 ambaliya ta cinye shinkafar Kebbi, ta 2022 kuma ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya. Yanzu ko hadari ya haɗu a watan Satumba sai gabana ya faɗi. Damina takan makara, in ta zo kuma ta zo da hauka. Matasanmu a Yauri da Ngaski da Shanga suna tambaya a ɓoye: noma zai riƙe mu kuwa?

Wasu sukan ce wannan tsoro rashin bangaskiya ne. Ban yarda ba. A Luka 21 Yesu da kansa ya yi maganar mutanen da rurin teku zai firgita, bai kuwa yi musu ba'a ba. Almajiransa ya ce wa su ɗaga kai.

Kakanninmu sun san tashin ruwa. Da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, tafki ya haɗiye tsohuwar Bussa da tsibirai masu yawa, dubban mutane suka koma sababbin matsugunai. A can aka sake kafa rumbuna, aka ci gaba da sujada.

Akwai wani abu game da Kwara da ke ƙarfafa ni. Sau biyu yake kawowa. Bayan jan ruwan damina ya wuce, wajen Disamba wani ruwan yakan iso, tsaf ba laka, ana ce masa baƙin ruwa. A duwatsun Gini aka yi shi watanni da suka wuce, ya tsaya a fadamun Mali, sai cikin hunturu ya riske mu. Mai dashen albasa bai ga wannan ruwan sama ba, amma ya san yana tafe, shi ya sa yake gyara fangali. Haka nake fahimtar alkawarin dawowar Ubangiji.

Da jama'a suka tambayi Yohanna Mai Baftisma yadda za su shirya, riga da abinci ya ce su raba (Luka 3:11). A Zumuntar Matasa mun ɗauki wannan a zahiri. Ranar Lahadi, bayan baiko, kowa ya zo da mudun irin shinkafa ko masara domin gidajen da ruwa ya ci gonarsu, ko na wace majami'a ne, ko maƙwabci Musulmi. Wanda ba shi da iri, ya zo da fartanyarsa ranar Asabar.