Abin da danshin Guangzhou ya koya mini game da faifan garmaho

Duk wanda ya taso a Kano ya san babban abokin gabar faifai ƙura ce. Idan hunturu ya kama, iska ta bushe, faifai da kansa yake jawo ƙurar. Guangzhou kuwa ciwonta daban, kuma sai da kasuwanci ya zaunar da ni a unguwar Xiaobei na gane haka.

Wajen watan Maris zuwa Afrilu akwai lokacin da 'yan garin ke kira hui nan tian. Iska mai ɗumi daga tekun kudu takan tarar da gine-gine da sauran sanyinsu, sai bango da tayil da madubi su yi ta zufa. Rigar faifai ta takarda ce, tana shan wannan danshi, daga nan fumfuna ta tsiro ta shige cikin siraran layukan da allura ke bi. Ka ɗora faifan da ba ko ƙwarzane a jikinsa, ka ji yana tas-tas kamar ana soya gyaɗa.

A kasuwar Taojie da ke gundumar Yuexiu, inda ake cinikin tsofaffin kayan sauti, na ga yadda wani dattijo mai shago ke yi. Ba ya wanke faifai sai ya saurare shi tukuna, domin ba kowace ƙara wanki ke magani ba. Tas-tas ɗin da ke warwatse ko'ina datti ne ko fumfuna, wannan yana fita. Idan kuwa "ƙas" ɗaya ce mai dawowa kusan duk daƙiƙa biyu a faifai mai juyi 33 a minti ɗaya, to karce ne, sai haƙuri. Wadda ta fi ba ni takaici ita ce muryar mawaƙi da ke tsagewa idan ya ɗaga ta. Wannan aikin dakusasshiyar allura ne, ta riga ta cinye layin, kuma abin da ta ci ba ya dawowa.

Wankin kansa ba wuya. Tataccen ruwa ake nema, domin na famfo yana barin gishiri a layuka idan ya bushe. Ɗigon sabulun ruwa mara ƙarfi, da buroshi mai laushi, a bi da'irar faifan, kada a gitta ta, kada kuma ruwa ya taɓa takardar tsakiya. A ɗauraye sosai. Inda Guangzhou ke gwada mutum shi ne wajen shanya: a lokacin danshi faifai ba ya bushewa da kansa, sai an kunna na'urar sanyaya ɗaki ko ta tsotse danshi. Kuma wanda ya wanke faifai ya mayar da shi tsohuwar rigarsa ya yi aikin banza, don irin fumfunar na nan a cikinta. Sabuwar riga ta leda, a jera faya-fayan a tsaye, nesa da bango.

Allura ma tana son shara, daga baya zuwa gaba, a hankali. Nauyinta a yawancin injuna wajen giram 2 ne. Ɗabi'ar nan ta ɗora kwabo a kanta don kada ta yi tsalle ta kashe faya-fayai da yawa a gidajenmu, ni kam ba na yi mata uzuri.

Masu ajiyar faya-fayan Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos a akwatin iyaye, don Allah kada ku goge su da tsumma ko kananzir. In kuma kun ci karo da tsoho mai nauyi mai juyi 78, kada sifirit ya kusance shi, narkar da shi yake yi.